DANGIN DA SUKA YI GABAS: Neman Juna Bayan Rabuwar Shekaru

Da wuya a sami tsohon gida a ƙasar Hausa wanda ba a taɓa cewa wani nasa "ya yi gabas" ba. Wani lokaci almajiri a ke nufi, wanda ya tafi ƙasar Barno neman karatu, ya kuma komo bayan 'yan shekaru da allonsa da gafakarsa. Amma sau da yawa maganar ta fi haka nisa. Ana nufin wani wan kaka ne ko ƙanensa, wanda ya sayar da amfanin gonarsa bayan girbi, ya ɗaura kaya a jaki, ya bi gida gida ya nemi gafarar mutanen unguwa, sa'an nan ya kama hanyar Makka da ƙafa, shi da matarsa da 'ya'yansa ƙanana, daga nan kuwa ba a sake jin ɗuriyarsa ba. Tsofaffin gidan su kan ambace shi in hira ta yi nisa, su yi masa addu'a, su ce ko yana raye ko ya cika, Allah kaɗai Ya sani.

Da yawa daga cikin waɗannan matafiya ba ɓata suka yi ba. Zango suka yi a ƙasar Sudan, zangon ya zama zama, suka yi noma, suka hayayyafa, har jikokinsu da tattaɓa-kunnensu suka cika garuruwa. Tun da wayar hannu ta shiga hannun kowa aka fara neman juna tsakanin dangin nan biyu, na gida da na gabas. Amma a 'yan shekarun nan neman ya zama na gaggawa saboda dalili biyu. Na farko, tsofaffin da suka riƙe sunaye da labarin tafiyar suna ƙarewa ɗaya bayan ɗaya. Na biyu kuwa, yaƙin da ya ɓarke a Sudan ran 15 ga Afrilu, 2023, ya tarwatsa garuruwan da dangin can suka yi shekara da shekaru a cikinsu.

YADDA AKA RABU

Hanyar gabas tsohuwar hanya ce, amma babban kwararar jama'a a kanta ya faro ne da zuwan Turawa. Bayan da rundunar Lugga ta ci Kano cikin Fabrairu, 1903, ta kuma shiga Sakkwato ran 15 ga Maris, Sarkin Musulmi Attahiru na Ɗaya ya fita ya nufi gabas, jama'a mai yawa ta bi shi, malamai da sarakuna da talakawa. An daɗe a ƙasar nan da maganar cewa wata rana jama'ar Shehu za ta yi hijira zuwa wajen Kogin Nilu, saboda haka mutane da yawa suka ɗauka lokacin ne ya yi. Aka kashe Sarkin Musulmi a yaƙin Burmi, cikin ƙasar Gombe ta yanzu, ran 27 ga Yuli, 1903. Ɗansa Muhammadu Bello Mai Wurno ya ja sauran jama'a suka ci gaba, har suka sauka a bakin Shuɗin Nilu, kudu da Sinnar, inda suka kafa garin da har yanzu a ke kira Mai Wurno.

Bayansu sai hanya ta buɗe. Wasu niyyar aikin hajji ce kawai ta fid da su, wasu gudun haraji da aikin tilas, wasu kuma yunwar Kakalaba ta 1913 zuwa 1914. A kan tashi daga Kano ko Katsina ko Haɗeja a bi ta Maiduguri, a ƙetara zuwa Fort Lamy, watau Njamena ta yanzu, a wuce Abashe da Adare, a shiga Darfur ta Janaina, a bi ta Fashir ko Niyala har Al-Ubayyid, inda jirgin ƙasa ya iso cikin 1912. Daga nan mai kuɗin jirgi ya hau, marar shi ya ci gaba da sayyada har bakin Bahar Maliya, ya jira jirgin ruwa a Sawakin ko Bur Sudan.

Kusan babu mai tashi daga gida da guzurin da zai kai shi. A hanya a ke neman sa. Matafiyi ya kan tsaya a gari ya yi damina ɗaya ko biyu yana ƙodago, ko ɗinki, ko wanzanci, ko koyar da yara karatu, in ya tara ɗan abin da ya tara ya ƙara gaba. Da aka gama madatsar ruwa ta Sinnar cikin 1925, aka buɗe manyan gonakin auduga na Jazira tsakanin Farin Nilu da Shuɗin Nilu, sai aiki ya samu ga duk mai ƙarfi a jika. A nan ne tafiyar mutane da yawa ta tsaya cik. Kuɗin tsinkar auduga ya kan isa ci da sha, amma ba ya cika isa kuɗin jirgin iyali duka, ga bashi, ga haihuwa, ga aurar da 'ya'ya. Haka kuma aka zauna a Gadarif da Kasala da Kosti da Damazin da wasu unguwanni na Hartum da Umdurman. Mutanen ƙasar suka haɗa Bahaushe da Bafillace da Babarbare suka kira su duka Fallata, a Hijaz kuwa a ce da su Takari.

Wani masani, C. Bawa Yamba, wanda ya zauna a ƙauyukan Jazira ya kuma buga littafi a kansu cikin 1995, ya tarar da abin mamaki: mutanen da aka haifi iyayensu da kakanninsu a Sudan har a lokacin suna ɗaukar kansu matafiya ne da ke kan hanyar Makka, ba mazauna ba. Wannan ya bayyana abin da dangin gida suka daɗe suna tambaya, watau me ya hana su komowa, ko kuwa su aiko da takarda? Wanda ya fita gida da sunan hajji, aka raka shi bayan gari da kuka da addu'a, yana jin nauyin ya dawo bai ga Ka'aba ba. Yana kuma jin nauyin ya aiko a ce har yanzu yana gonar wani yana tsinkar auduga. Sai ya bari sai baɗi, in al'amari ya gyaru. Baɗin nan ita ce ta zama shekara hamsin.

HANYA ITA CE GIDAN WAYA

Duk da haka, muddin ana bin hanyar da ƙafa ko da mota, zumunci bai yanke ɗungum ba. Kowace shekara sababbin ayari su kan iso, su sauka a gidajen 'yan garinsu, su ba da labarin wanda ya mutu da wanda aka naɗa da yadda damina ta yi. Masu komowa kuma su kan ɗauko wasiƙun ajami a cikin gafaka, da 'yar tsaraba, tasbaha ko kwalli ko ɗan zamzam a gora, su kai har ƙofar gida. Wasiƙa ta kan yi shekara biyu a hanya, amma ta kan isa.

Abin da ya kashe wannan gidan waya shi ne jirgin sama. Tun daga shekarun 1950 alhazai suka fara tashi daga Kano su sauka Jidda cikin yini guda, kuma a lokacin da Gwamnatin Tarayya ta kafa Hukumar Alhazai cikin 1975 jirgin sama ya riga ya zama hanyar mafi yawan maniyyata. Yaƙe-yaƙen ƙasar Cadi, waɗanda suka faro cikin 1965 suka kuma yi tsanani daga 1979, sun ƙara toshe hanyar ƙasa. Ci gaba ne babu shakka, ya kuma ceci rayuka masu yawa da da sun salwanta a daji. Amma sakamakonsa shi ne alhajin zamani ya kan wuce ta saman kan ɗan'uwansa da ke Jazira, bai gan shi ba, bai ma san yana ƙasa ba.

Abin da ya rage sai haɗuwar sa'a. A Makka da Madina alhaji ya kan ji wani yana ciniki da Hausa mai gauraye da Larabci, ya tambaye shi mutumin ina ne, daga nan a shiga lissafin unguwanni. Rediyo ma ta taimaka gwargwado. Sashen Hausa na BBC ya fara aiki cikin Maris, 1957, gidan rediyon Kaduna kuma cikin 1962, kuma filayen gaishe-gaishe irin su Zaɓi Sonka da sanarwar cigiya sun sa mutane da dama sun ji sunan wani nasu daga inda ba su zata ba. Masu karatun Hausa kuwa sun san ciwon tun daga makaranta, domin littafin Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa, wanda aka buga cikin 1934 aka kuma mayar da shi sinima cikin 1976, labarin uwa ne da ta bar gida neman ɗanta, ba ta gan shi ba sai a ƙetaren hamada, ajalinta na kusa.

YADDA A KE BIN SAWU

Wayar hannu ta shigo Nijeriya cikin 2001, daga baya kuma Facebook da WhatsApp suka biyo. Yau saurayi a Wad Madani ko Gadarif na iya ɗaukar muryar kakarsa tana faɗin abin da ta ji daga bakin mahaifinta, ya aika da ita cikin wani zaure na 'yan Katsina ko 'yan Zazzau, kafin gari ya waye ɗaruruwan mutane sun saurara. Wannan shi ne sauƙin da aka samu. Amma waya ba ta san kowa ba, abin da aka zuba mata shi ta ke kaiwa, kuma a nan ne wahalar ta ke.

Sau da yawa abin da ya rage a hannun dangin gabas bai wuce abu uku ko huɗu ba: sunan kaka, sunan ubansa, sunan gari, wataƙila da sana'ar gidan. Sunan yanka shi kaɗai ba ya kai mutum ko'ina, don kuwa Muhammadu ɗan Abdullahi ya fi a ƙirga a kowace gunduma. Laƙabi ya fi amfani nesa ba kusa ba, irin su Ɗan Tani ko Na-Allah ko Mai Jaki, domin shi ne abin da tsofaffin unguwa suka riƙe. Sana'a ma ta kan rage nisa. In an ce gidan marina ne a birnin Kano, mai nema ya san ya fara da wajen Ƙofar Mata, in an ce gidan malamai ne ya tambaya a Madabo, in maƙera ne ko dukawa ko majema akwai unguwannin da aka san su da su. Askar fuska, wadda 'yan zamani suka daina yi wa 'ya'yansu, ta zama shaida mai ƙarfi a wannan sha'ani, domin tsohon hoto guda na iya nuna ko mai shi Bagobiri ne ko Bakabe ko Badauri. Haka kuma tsohon Alƙur'ani rubutun hannu, wanda sau da yawa marubucinsa ya kan sa sunansa da na mahaifinsa a ƙarshen takarda.

Sunan gari, wanda a ke zaton shi ne mafi sauƙi, shi ya fi ruɗarwa. Matafiyin ya bar gida a zamanin larduna, ya gaya wa 'ya'yansa cewa shi mutumin Lardin Kano ne, alhali ƙauyen nasa tun 1991 yana cikin Jihar Jigawa. Wanda ya ce Lardin Sakkwato, wataƙila a Kebbi za a same shi ko a Zamfara, wanda ya ce Bauchi a Gombe, wanda ya ce Barno a Yobe. Daga jihohi 12 na 1967 an kai 36 cikin 1996, da ƙananan hukumomi 774. Ga kuma ƙauyuka masu suna ɗaya, don ba a san iyakar Tudun Wada da Sabon Gari da Unguwar Rimi da ke ƙasar nan ba. Wasu ƙauyukan ma babu su, ruwan madatsun Tiga da Bakolori da Kainji ya sa an tashe su, wasu kuma a Zamfara da Katsina da Sakkwato 'yan bindiga sun kore mutanensu a 'yan shekarun nan.

Saboda haka ne har yanzu ba a sami abin da ya maye gurbin mai unguwa da dagaci da limami ba. Saƙo ya kan yi ta yawo a waya wata da watanni ba a dace ba, sai ranar da wani malamin makaranta ko ma'aikacin ƙaramar hukuma ya ɗauke shi ya kai fadar dagaci, aka tara dattawa, aka kunna musu muryar. Nan ne wata tsohuwa za ta ce a sake kunnawa, sa'an nan ta ce ai wannan ƙanen mahaifin su wane ne, wanda ya tafi shekarar da aka yi fari, ga ma kukar ƙofar gidansu can ba ta faɗi ba. Hausawa sun ce zumunta a ƙafa ta ke, kuma ko a zamanin waya sai wani ya taka.

BAYAN MURNA

Labaran da a kan ji su ne na koke-koken murna, amma masu wannan nema sun san cewa ba nan maganar ta ke ƙarewa ba. Da farko akwai harshe. Tsofaffin gabas suna jin Hausa sarai, wani lokaci ma da tsofaffin kalmomin da aka daina ji a gida, amma matasan birane da yawa Larabci ya fi zama a bakinsu. Sai a gaisa, a tambayi lafiyar gida, a yi shiru, ba a san abin da za a ƙara ba. Mutanen da jini ya haɗa, amma ba su taɓa cin tuwo a akushi ɗaya ba, sai sun koyi juna kamar baƙi.

Sa'an nan akwai zargi, wanda ba kullum ne ya ke rashin dalili ba. An sha ganin mayaudara da ke shiga irin wannan rigar don neman kuɗi, saboda haka gidan da ya yi tambaya kafin ya buɗe ƙofa bai yi laifi ba. Amma babban abin da ke sa wasu gidaje yin sanyin jiki shi ne gado. A mazhabar Malikiyya, wadda kotunan shari'a na jihohin Arewa ke bi, matar wanda ya ɓata ta kan kai ƙara, alƙali ya bincika, in ba a sami labarinsa ba ya yanka mata shekara 4, sa'an nan ta yi takaba ta wata 4 da kwana 10. Dukiyarsa kuwa ba a raba ta sai an kai lokacin da a ke ganin tsararsa ba sa wuce shi a raye, wanda malamai da yawa suka ƙaddara da shekara 70 daga haihuwarsa. Bugu da ƙari, in ta tabbata yana da rai sa'ad da mahaifinsa ya rasu, to, yana da rabo a gadon, rabon nan kuma ya gangara kan 'ya'yansa.

A aikace, gonar wanda ya yi gabas a kan bar ta ne amana a hannun 'yan'uwansa. Amma amanar da ta shekara tamanin ta wuce hannu uku ko huɗu, an raba, an sayar, gari ya ci wata, gwamnati ta karɓi wata bayan Dokar Mallakar Ƙasa ta 1978. Don haka in saƙo ya iso daga Sudan, akwai wanda zuciyarsa ke zuwa kan gonar kafin ta je kan ɗan'uwan. Gaskiyar magana ita ce, mafi yawan masu neman ba gona ce ta dame su ba, so su ke su san inda suka fito, su kuma sami wanda zai kira su nasa. Duk da haka gidajen da suka fi dacewa su ne waɗanda suka fito da maganar fili tun da wuri, a gaban alƙali ko malamin da kowa ya yarda da shi, aka yafe abin da za a yafe, aka biya abin da za a biya. Inda aka binne ta, ta kan tono kanta daga baya, ta ɓata abin da aka yi wahalar ƙullawa.

Akwai kuma maganar takardu, wadda ta shafi ma'aikatan gwamnati kai tsaye. Dokar zama ɗan ƙasa da Sudan ta yi cikin 1957 ta nemi mutum ya nuna cewa shi ko kakanninsa na wajen uba suna zaune a ƙasar tun ran 31 ga Disamba, 1897. Wannan ya bar waɗanda suka iso bayan Burmi a waje, ko da ya ke an sassauta sharaɗin daga baya, kuma Hausawan Sudan na yau 'yan ƙasar ne, a can aka haife su, can ne gidansu. Amma kalmar baƙo ba ta rabu da su ba. Rikicin da aka yi a Jihar Shuɗin Nilu cikin Yuli, 2022, wanda ya taso a kan maganar ƙasa da neman sarautar gargajiya ga Hausawa, ya ci rayuka fiye da 100, ya kuma sake tashi cikin Oktoba na shekarar. A wannan gefen kuwa, sashe na 25 na Tsarin Mulkin 1999 ya ce wanda aka haifa a waje ɗan Nijeriya ne in ɗaya daga cikin iyayensa ɗan ƙasa ne, sashe na 26 kuma ya ba wanda kakansa ɗan ƙasa ne damar neman rajista. Tattaɓa-kunnen mutumin da ya fita cikin 1914 ba lalle ne ya shiga ko ɗaya daga cikin biyun ba. Ko wanda ya shiga ma, shaidarsa tana komawa ne kan takardar asali ta ƙaramar hukuma, ita kuwa tana komawa kan dattawan da za su ce sun san gidan. Kowane tsoho da aka binne, shaida guda ta ragu.

ABOKAN KARATU

Ba dangi kaɗai hanyar gabas ta haɗa ta kuma raba ba. Malaman Sudan ne aka ɗauko suka fara koyarwa a Makarantar Shari'a ta Kano da aka buɗe cikin 1934, wadda daga baya ta zama Makarantar Nazarin Larabci. A tsakiyar shekarun 1950 an aika ɗalibai daga Arewa zuwa kwalejin Bakhtar Ruda, cikinsu har da marigayi Shaihu Abubakar Mahmud Gumi. Daga baya dubban ɗalibai suka bi sawu, musamman zuwa Jami'ar Afirka ta Ƙasa da Ƙasa da ke Hartum, da makarantun koyon likitanci da haɗa magunguna. Waɗannan ɗalibai su suka gaji aikin tsofaffin ayari. Sun ci abinci a gidajen Hausawan can, an riƙe su kamar 'ya'ya, in za su zo hutu kuma a kan ba su suna da sunan gari a 'yar takarda, a ce don Allah su tambaya.

Da yaƙi ya tashi aka kwaso su cikin gaggawa, wasu ta kan iyakar Masar, wasu ta Bur Sudan, rukunin farko ya sauka Abuja ran 3 ga Mayu, 2023. Yawancinsu sun fito ba su yi sallama da kowa ba, ba da abokan aji ba, ba da masu masaukinsu ba. Waɗanda suka bari a baya kuwa suka watsu. Wad Madani, inda jama'ar Hartum suka fara fakewa, ta faɗa hannun rundunar RSF cikin Disamba, 2023, sojoji ba su karɓe ta ba sai Janairu, 2025. Yaƙin ya shiga Jihar Sinnar cikin 2024. A watan Fabrairu na wannan shekarar hanyoyin waya suka ɗauke a yawancin ƙasar, lambobin da aka yi shekaru ana adanawa suka daina shiga. Majalisar Ɗinkin Duniya ta ƙiyasta cewa kafin ƙarshen 2024 mutum fiye da miliyan 10 sun bar gidajensu. Garin Adare, wanda a da zango ne na masu zuwa gabas, ya cika da masu gudu zuwa yamma.

A nan ne aka ga amfanin zumuncin da aka ƙulla tun da sauran zaman lafiya. Gidan da ya riga ya san danginsa na gabas ya san sunan da zai nema da garin da zai tambaya, ya kuma san inda zai aika da ɗan taimako. Tsofaffin ɗalibai sun yi ta bin abokansu ɗaya ɗaya ta zaurukan waya, wannan a Alƙahira, wannan a Kampala, wannan a sansanin gudun hijira a Cadi, wannan kuwa shiru. Ƙungiyar agaji ta Red Cross, wadda cikin 2019 ta ce tana riƙe da sunayen mutum kusan 22,000 da suka ɓata a Nijeriya, yawancinsu saboda rikicin Arewa maso Gabas, tana irin wannan aikin na sada iyali a sansanonin gabashin Cadi, inda a kan ba ɗan gudun hijira waya ya kira nasa. Amma wanda bai riƙe lambar kowa ba, ko an miƙa masa wayar ba shi da wanda zai kira.

Inda aka dace aka sami juna, abin da a kan fara yi bayan gaisuwa shi ne lissafin matattu. Na gabas ya faɗi shekarar da kakan ya rasu da garin da aka binne shi, da ko ya sami sauke farali ko bai samu ba, don wannan ita ce tambayar da tsofaffin gida ba sa mantawa. Na gida kuma ya faɗi lokacin da uwar matafiyin ta rasu, da wanda ya riƙe ƙannensa, da wanda ke zaune a gidan yanzu. Daga nan a kan tara maƙwabta a zaure, liman ya yi addu'a, a raba goro da waina, a karɓi gaisuwar mutumin da ya yi shekara sittin ko saba'in a kabari a bakin Kogin Nilu. In an yi haihuwa a gidan cikin 'yan watannin, sau da yawa sunansa a kan mayar.

Ziyara kuwa, wadda a da ita ce cikon zumunci, ita ce ta fi wuya tun daga 2023, domin tsohuwar hanyar Adare da Janaina da Fashir ta ratsa ta tsakiyar fagen yaƙin Darfur. Masu hali daga ɓangarorin biyu su kan sa rana ne a lokacin Umra ko aikin hajji, su haɗu a Makka, garin da kakan nasu ya fita nema.